Yadda ake gyara sabuwar ciyawar tsakar gida idan ruwan sama ya ɓata ta

Duk wanda ya shuka ciyawar ado a watan Yuli ya san abin da Agusta ke yi mata. A kwana ana ruwa, gari ya waye ka tarar da kore nan, jar ƙasa can, iri ya taru a bakin kwata. Sai mutum ya ruga ya sayo wani irin ya watsa. Na yi haka har sau biyu, kuɗina duk suka bi rariya.

Da farko ka bar wurin ya tsane kwana 2 ko 3. Ɗebi ƙasar ka dunƙula, in ta manne maka a hannu kamar tuwo, da saura. Taka jiƙaƙƙiyar ƙasa daddanne ta yake yi, saiwa ta kasa kutsawa.

Inda aikin yake shi ne gano ta ina ruwan ya biyo. Ka fito da lema ana tsaka da ruwa ka tsaya ka gani da idonka. Ni nawa indararo ne, yana zuba kai tsaye a gefen ciyawar har ya haƙa rami kamar turmi. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 zai zubo, wato duro 15, kuma duk ta baki ɗaya ko biyu. Wace sabuwar saiwa ce za ta jure wannan? Sa bututu ka kai ruwan kwata. In aljihu bai kai ba, jera tsakuwa ko fasassun bulo a inda yake sauka, ka ja ɗan lambatu ya fitar da shi. Muddin ba ka yi wannan ba, kada ma ka ɗauki manjagara.

Sai ciko. Kwashe laka da sharar da ruwa ya jibge a kan ciyawar da ta tsira, don ruɓar da ita za su yi. Haɗa ƙasa mai kyau da yashi da ruɓaɓɓen taki, ka cike kwaruruwan har su zo daidai da sauran filin, ka ɗan danna da bayan shebur. Ɗanyen kashin shanu kam a'a, gara yake kira, ga irin ciyayin banza da yake ɗauke da shi.

Ni da damina ba na sake watsa iri, dashe nake yi. Ciro yaɗo mai saiwa daga inda ta yi kauri, musamman kiri-kiri da ba ta da wuyar kamawa, ka dasa da tazarar santimita 10 zuwa 15. Kyauta ne, ba sai ka koma wurin masu furanni na bakin titi ba. Wurin da ke da gangara, shimfiɗa tsohon buhun algarara ka kafe shi da tsinke, ka huda ka dasa ta ciki.

Takin zamani sai bayan mako 3 ko 4, NPK cikin tafi ɗaya a kowace murabba'in mita, ba ranar da hadari ya haɗu ba. Aya-aya a cire ta da ƙwayarta. Yankan farko a rage kai kawai, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, kuma a hana yara buga ƙwallo a wurin sai ƙasa ta rufe.