Darasi na 7: Haɗa ƙaramin jirgin ruwa mai farfela a sama

Jirgin da za mu haɗa a wannan darasi ba shi da farfela a cikin ruwa. Tasa tana sama, a bayansa, kamar fanka. Tana tura iska baya, shi kuma yana sulalewa gaba. Manyan irinsa suna aiki a fadamun Fulorida ta Amurka, inda ruwa ba zurfi, ga ciyawa. Namu ƙarami ne, na rimot. Kududdufin bayan gari ya ishe shi da damina.

Gangar jikin ba za ta ci maka kuɗi ba. Nemi farin soson nan mai tauri da ake tokare firji ko talabijin da shi a cikin kwali. Masu sayar da kayan lantarki a nan Bauchi sau da yawa zubar da shi suke yi. Inda aljihu zai ji jiki shi ne inji da farfela, da na'urar daidaita gudu, da batir, da rimot da risibarsa (na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi), sai ɗan injin da ake kira sarbo, mai karkata wutsiya, wato allon da ke juya jirgin hagu ko dama. Ka sayi inji da farfela da na'urar gudu waɗanda suka dace da juna. Farfelar da ta fi ƙarfin inji tana sa shi zafi har ya ƙone.

Yanzu ka natsu, nan ne yawancin masu koyo suke faɗuwa. Jirgin nan faɗi yake so. Idan tsawonsa santimita 50 ne, faɗinsa ya kai 25. Ƙasansa ya zama a shafe, gabansa kuma ka fere shi ya ɗan ɗaga kamar bakin cokali, don kada ya nutsa kai. Nawa na farko siriri na yi shi, wai don ya yi kama da kwale-kwale, na kuma kafa injin can sama. Ina murza wuta, farfela ta juya hagu, jirgi ya juya dama, ya kife. Yara suna ta dariya, ni kuwa na naɗe wando na shiga taɓo. Dalili shi ne duk lokacin da farfela ta juya, tana murɗa jirgin zuwa ɗaya gefen. Faɗi ne ke hana shi kifewa, da kuma nauyi a ƙasa. Saboda haka ɗaga inji daidai yadda farfela ba za ta taɓa saman soson ba, kada ka ƙara. Batir ya fi komai nauyi. Fafe masa gurbi a cikin soson, ka yi ta matsar da shi gaba ko baya har jirgin ya zauna daidai a kan ruwa. Bahon wanki ya isa wannan gwaji.

Kada ka kuskura ka ɗiga sufa gulu a kan soson, cinye shi yake yi. Yi amfani da gam mai haɗi biyu, irin Araldite. Risiba kuma ka sa ta cikin balan-balan ka ɗaure bakin.

Wutsiya tana tsayawa a bayan farfela, cikin iskar da take hurawa. Wannan yana nufin idan ka kashe wuta, babu sitiyari. Ga shi jirgin ba shi da birki. In ka ga zai yi karo, kada ka saki wuta gaba ɗaya, rage ta ka karkata.

Batirin da ake sa wa irin wannan jirgi sunansa LiPo. Ƙananan batura ne haɗe a cikinsa, kowanne ana kiransa ɗaki: mai ɗaki 2 yana ba da bolt 7.4, mai ɗaki 3 kuma 11.1. Mai koyo ya fara da mai 2. Ba ya son rana, kuma kada ka bar shi a caji ka tafi masallaci. In ya kumbura, ya tashi aiki. Kullum rimot ake fara kunnawa, sannan a jona batir. Yi wa farfela keji na waya, tana yanka yatsa.

Ranar gwaji kada ka nufi dam ɗin Gubi. In batir ya mutu a tsakiya, sai dai kallo. Nemi ƙaramin ruwa da safe kafin iska ta taso, ka riƙe doguwar gora a kusa.

Aikin aji: kowa ya zo da kwali da abin awo. A zana ƙasan jirgi, 50 da 25, a rubuta sunan kowane sashe a inda zai zauna.