Yadda ake buɗe bututun da ya toshe ba tare da soda ko asid ba

A yawancin gidajen Damagaram, daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari, abin da ya fi toshe bututun ban ɗaki da na madafa shi ne rairayi: wanda iskar hunturu ke kwasowa, da wanda ake wankewa daga ƙafa, da wanda ake haɗawa da toka domin goge gindin tukunya. Bayan shi sai guntayen leda da zaren soso da gashi, sai kuma maiƙon miya da ke daskarewa ya riƙe su wuri guda. Wanda ya san haka ba zai yi gaggawar sayen maganin buɗe bututu ba, domin maganin ba ya narkar da rairayi ko leda komai ƙarfinsa, sai dai ya taru a bisansu ya zama wata sabuwar matsala.

Magungunan iri biyu ne suka fi yawa. Akwai na soda mai ƙuna, irin wadda mata masu haɗa sabulu ke amfani da ita, wadda ke mayar da maiƙo sabulu ta kuma cinye gashi. Akwai kuma na asid, dangin ruwan batirin mota amma wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dukansu suna ɗaukar zafi da zarar sun haɗu da ruwa, alhali bututun roba na PVC da ake sa wa gidaje ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba. Idan toshewar ta yi ƙarfi har maganin ya kwana wuri guda, yana iya sassauta mahaɗin bututu ko ya lanƙwasa shi, kuma da yake galibi a ƙarƙashin daɓen siminti yake, gyaran sai an fasa ɗaki.

Illar da yake yi wa jiki ta fi wannan muni. Ɗigo ɗaya na soda a ido yana iya makantar da mutum, domin tana ci gaba da kutsawa cikin nama bayan ta taɓa shi. Mai gida kan zuba asid, ya ga ruwa bai motsa ba, sai ya bi shi da ruwan jabel, wato bilicin da ake sa wa tufafi su yi fari, alhali haɗuwar biyun tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a cikin ban ɗakin da sau da yawa ko taga ba shi da ita. Yara kuwa su ne suka fi shiga haɗari, saboda garin soda fari ne kamar sukari, idan an jiƙa shi kuma ba a bambanta shi da ruwan sha, musamman idan an ajiye shi a tsohuwar robar lemo. Yaron da ya kurɓa yana iya ƙonewa daga baki har ciki, maƙoshinsa ya tsuke bayan makonni har ya kasa haɗiye tuwo. Akwai kuma abin da ya shafi garin nan musamman: maganin yana buƙatar ruwa mai yawa a kore shi, wanke idon da ya fantsamar wa ma haka, ga shi kuwa a watannin zafi famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, sai an jira ƴan ga-ruwa.

Aikin hannu ya fi dacewa da irin toshewarmu. A fara da kwashe ruwan da ya tsaya, a cire murfin ramin, sannan a sami waya mai ɗan kauri a lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, a zura a juya a hankali a jawo. Abin da ke fitowa galibi dunƙule ne baƙi na gashi da zaren soso mai santsin sabulu, kuma sau da yawa fitarsa kaɗai ta isa. A jawo shi waje, kada a tura shi ciki.

Idan ruwa bai wuce ba, sai a ɗauko robar tsotso mai mariƙin sanda. A zuba ruwa har ya rufe bakin robar, a toshe ƙaramin ramin da ke gefen kwamin wanke hannu da jiƙaƙƙen tsumma don kada iska ta tsere, sannan a danna a ɗaga da ƙarfi kamar sau 15 ko 20 kafin a fizge. Ba a yin wannan a bututun da aka riga aka zuba wa magani, domin ruwan zai dawo wa mutum a fuska.

A ƙarƙashin kwamin akwai lanƙwasar bututu da masu gyaran famfo ke kira sifon, kuma a nan ne rairayi ke kwanciya saboda nauyinsa. A tara bokiti a ƙasa, a kwance ta da hannu, a zazzage, a wanke, a mayar tare da robar da ke hana yoyo. Idan toshewar ta yi nisa, akwai doguwar igiyar ƙarfe mai lanƙwasuwa da ake zurawa ana murzawa. Maiƙo kuwa ruwan zafi da omo ke sassauta shi, amma ruwan ya ɗan huce, kada a zuba shi yana tafasa. Haɗin bikarbonat (farin garin da ke sa ƙullu ya tashi) da binegar (ruwan tsami na girki) da ake yawan yabo, kumfarsa ta fi aikinsa. Yana ɗan rage wari, ba ya ture rairayi.

Idan aka ga ban ɗaki da madafa duk sun tsaya lokaci guda, ko ruwa yana dawowa ta wani rami dabam, to ramin da ke karɓar ruwan gidan ne ya cika, ko babban bututun ya toshe, kuma wannan aikin masu yashewa ne ko mai gyaran famfo. Wajibi ne a gaya masa gaskiya idan an riga an zuba magani, tun kafin ya sa hannu.

In har tsautsayi ya faru maganin ya taɓa ido ko fata, a tuɓe tufafin da ya jiƙa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a nufi asibiti. Wanda ya sha kuwa kada a sa shi amai, domin maganin zai sake ƙona maƙoshi a kan hanyarsa ta fitowa, kada kuma a ɗura masa manja ko lemon tsami da sunan karya dafi. A kuskure masa baki da ruwa, a garzaya da shi Babban Asibitin Damagaram ko asibiti mafi kusa tare da kwalbar maganin, domin likita ya san ko soda ce ko asid.