Yadda ake zaɓen tsohon kabad da sif da adaka

Masu harkar kayan tarihi a Turai da Amurka ba sa kiran abu kayan tarihi sai ya kai shekara 100, wanda kuwa ya haura 20 bai kai 100 ba sukan sa shi a ajin tsohon yayi. A Katsina da Daura yawancin abin da mutum zai ci karo da shi yana cikin aji na biyu ne: kabad mai gilashi na jeren kwalla da tasoshi da samira, sif mai madubi a ƙofa, adakar katako mai maratayin kwaɗo, da kuma kabad ɗin ofis irin na zamanin En'e. Saboda haka idan dillali ya fara ba da labarin cewa wani Bature ne ya bar kayan tun zamanin Sarki Dikko, a saurare shi da ladabi, amma kada a biya kuɗin labarin. Abin da ake saye shi ne katako da haɗinsa, kuma su biyun ba sa ƙarya idan an san inda za a duba.

Kafin a fita daga gida, a auna wurin da za a ajiye kayan, a kuma auna ƙofar ɗaki da ta zaure. Tsofaffin sif da yawa an haɗa su ne gaba ɗaya, ba a kwance su gunduwa-gunduwa kamar na yanzu, kuma a gidajen cikin birni, inda zaure yake da lanƙwasa kafin a shiga tsakar gida, sau da yawa kaya kan tsaya a bakin ƙofa har sai an kira kafinta ya sare ƙafafunsa. A tafi da tef ɗin awo da tocila.

Idan an isa, kada a tsaya kallon fuskar kabad, domin ita ce ake shafa wa fenti da mai don ta ɗauki ido. A nemi a janye shi daga bango a duba bayansa da ƙarƙashinsa, inda ba a ɓata lokacin yi wa kwalliya. A nan ne za a gane ko katako ne tsantsa, ko falawud, ko kuwa allon garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da fomaika. Katako tsantsa yana da jijiyoyi da suke tafiya daga fuskar allo har su ɓulla a bakinsa. Falawud kan nuna falle-falle a gefe, kuma samunsa a bayan tsohon kabad ba aibu ba ne. Allon garin katako kuwa bai yaɗu ba sai a rabi na biyu na ƙarnin da ya wuce, kuma da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya ruguje, don haka kabad ɗin da aka yi da shi ba shi da tsufan da ake faɗa, ba shi kuma da sauran dogon kwana.

Nau'in itace ma abin tambaya ne. Maɗaci yana da ja-ja mai duhu da nauyi matsakaici, loko da ake kawowa daga kudu yana da juriya ga gara, ƙawo da kirya kuwa tauri ne da su har ƙusa kan lanƙwashe a jikinsu. Farin katako marar nauyi irin obece yana da daɗin aiki ga kafinta, amma shi ne abincin ƙwari na farko. Ɗaga gefe ɗaya na kabad da hannu kan ba da amsa tun kafin mai kaya ya buɗe baki.

Daga nan sai durowa, wadda a ganina ita ce ta fi kowane sashe tona asirin kafinta. A zaro ta gaba ɗaya a juya ta. A aiki mai kyau, kusurwoyinta suna sarƙe da juna kamar yatsun hannu biyu da aka haɗa, haɗin da Turawa suke kwatantawa da wutsiyar kurciya. Idan haƙoran ba daidai suke da juna ba, wani ya ɗan fi wani faɗi, aikin hannu ne. Idan sun yi daidai kamar an buga su da hatimi, inji ne ya yanka. Durowar da aka haɗa da ƙusa da gam kaɗai za ta saki ba da daɗewa ba. A dubi ƙusoshin murɗawa da suke riƙe da hinji da mariƙi: mai kan gicciye bai shigo ba sai a shekarun 1930, don haka ganinsa a kabad da aka ce ya girmi wannan lokaci yana nufin ko an yi gyara, ko an ƙara wa kayan shekaru da baki. Ramukan da aka toshe kusa da mariƙi alama ce ta an sauya na asali.

Abokan gaba biyu ne a ƙasarmu, gara da hunturu. Gara tana cin katako ta ciki ta bar fatar waje lafiya lau, shi ya sa ake ƙwanƙwasa ƙafafu da gindin kabad da bayan makulli, a saurara ko zai yi amon abu marar ciki, a kuma nemi hanyoyin ƙasa da take ginawa a lungu. Akwai kuma ƙwaron da yake huda ƙananan ramuka kamar na allura. Ramuka masu duhu na iya zama tsohuwar ɓarna ce da ta wuce, amma idan an shimfiɗa farar takarda an bubbuga, sai gari mai laushi kamar na masara ya zubo, ƙwaron yana nan da ransa, kuma zai bi kayan har gida ya shiga gado da kujeru. A haska tocila cikin haɗe-haɗen don neman kuɗin cizo da ƙwan kyankyaso.

Batun hunturu ya fi shafar kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai ko daga bakin teku. Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Na taɓa sayen wani sif da aka kawo daga kudu ana tsakiyar damina, ƙofofinsa suna rufuwa ƙam. A watan Janairu, cikin dare, muka ji ƙara kamar an karya kara, da safe na tarar allon gefe ya tsage tun daga sama har kusan rabi, siririn ɓawon katako da aka manna a fuskar ƙofa kuma ya fara tashi kamar ɓawon albasa. Tun daga nan na fi amincewa da kayan da suka riga suka yi hunturu goma ko ashirin a nan, domin duk tsagewar da za su yi sun gama yin ta.

Akwai abin da ya kamata a tambaya kafin a shiga ciniki, musamman idan ta hannun dillaliya kayan suka fito daga wani gida: na wane ne, kuma an raba gado? Kabad ɗin tsohuwa da ta rasu hakkin magada ne, kuma ba daɗi a ce an kai kaya gida sannan wani ɗanta ya zo da kuka yana cewa ba da saninsa aka sayar ba. Wajen tayi kuwa, a lissafa kuɗin gilashin da ya fashe, da makullin da ya ɓata, da ladan kafinta, da na a-kori-kura, da la'adar dillali, a cire su daga abin da aka yi niyyar biya.

Bayan an kawo gida, kada a yi gaggawar sa samfefa a kankare shi a mulka masa fenti mai ƙyalli, domin duhun da shekaru suka ba katako shi ne rabin darajarsa. Ga kuma haɗari: tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, kuma ƙurarsa guba ce, musamman ga yara. Tsumma mai ɗan danshi da man goge katako sun wadatar. Baƙin man inji da wasu suke shafawa don korar gara kada ya kusanci wurin da za a sa tufafi ko kwanukan abinci. A ɗora ƙafafun kabad a kan tayil ko guntun siminti, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bango, kada kuma a sa shi inda rana take dukansa ta taga. Idan dogo ne kuma akwai yara masu son hawa durowa, a sa kafinta ya ɗaure samansa da bango da ƙarfe biyu.