Ƙaguwar Katantanwa: Kurakuran da Sabon Mai Kiwo Ya Fi Yi da Yadda Zai Gyara

Duk wanda ya taɓa kai yara bakin teku a gabashin Amurka lokacin hutun bazara ya ga shagunan da ke sayar da ita. 'Yar ƙaguwa ce da ta cusa jikinta cikin katantanwa, an shafe katantanwar da fenti ja ko shuɗi, an jibge su da yawa cikin kejin waya. Yaro ya kafe sai an saya masa. Mai shago ya ce ai ba ta da wahala, ya haɗa maka da ɗan akwatin roba, da soso, da tsakuwa mai launi, da gwangwanin abinci. Bayan 'yan watanni ta mutu, a ce dama haka suke, ba sa daɗewa. Wannan magana tana min ciwo, domin ba gaskiya ba ce. Dabba ce mai iya kai shekara 20 har 30, akwai ma wadda aka saya a 1976 ta haura shekara 40 a hannun mai ita. Kayan da aka haɗo ta da su ne ke kashe ta.

Masana suna kiran danginta Coenobita. Wadda aka fi sayarwa a Amurka, Coenobita clypeatus, 'yar yankin Karibiyan ce, ana gane ta da babban hannunta mai kama da awartaki, mai launin shunayya. Ta biyu, Coenobita compressus, daga gaɓar Pasifik take, tun daga Meziko har Peru. Kusan dukkansu kamo su aka yi, domin uwar cikin teku take sakin 'ya'yanta, sai sun yi makonni a ruwan gishiri kafin su fito tudu, abin da ke da matuƙar wuya a yi a gida. Wadda ke hannunka ta yi shekaru tana yawo a bakin teku kafin ta shiga kwali. Duk gyaran da zan kawo nan ƙoƙari ne na mayar mata da wannan gaɓa cikin gilashi.

Babban kuskure shi ne barin ta a busasshiyar iska. A tudu take zaune, amma da irin abin da kifi ke numfashi take numfashi, kuma ba ya aiki sai da laima. Idan ya bushe, shaƙewa take yi a hankali, mako bayan mako, ba kuka ba ƙara, sai dai ka ga ta rage motsi ta lafe a kusurwa. Kejin waya da akwatin roba mai murfin raga ba sa riƙe danshi ko kaɗan. Ka nemi tankin gilashi irin na kiwon kifi, wanda bai gaza lita 75 ba ga ƙanana biyu, ka rufe shi da murfin gilashi ko na roba mai kauri. Danshin ciki ya tsaya tsakanin kashi 70 da 80 cikin 100, zafi kuma tsakanin digiri 24 da 29 a ma'aunin Salshiyas. Kada ka dogara da jin jikinka, sayi ma'aunin zafi da na danshi masu nuna lamba. A ƙasashen sanyi, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska ƙwarai. Wanda ya san yadda hunturu ke tsaga leɓe da diddige a Kano ko Damagaram ya san abin da nake nufi. In za ka sa faifan ɗumi, wato shimfiɗar lantarki mai ɗumama tanki, ka manna shi a bangon baya, sama da iyakar yashi. A ƙarƙashin tanki yana gasa wadda ta binne kanta.

Wannan binnewar ita ce inda sabon mai kiwo ya fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Jikin ƙaguwa ɓawo ne mai tauri, ba ya girma tare da ita, don haka sai ta yi saɓa kamar maciji. Kafin lokacin za ka ga tana ci da sha fiye da kullum, launinta ya dusashe, tana yawan tono. Sai ta nutsa cikin yashi, ta yi wa kanta ɗan kogo a duhu, ta tuɓe tsohon ɓawon, ta zauna da jiki lugub har sabon ya yi tauri. Tsohon ɓawon kuma cinye shi take yi, da shi take mayar da sinadarin kalsiyam. In ta taɓa rasa ƙafa, a nan sabuwa ke tsirowa. Ƙarama kan gama cikin 'yan makonni, babba tana iya kai wata biyu ko uku ba ka gan ta ba.

Tsakuwa ba ta tonuwa, yashi mai zurfin yatsa biyu kuma ba ya ɓoye kowa. Ka haɗa yashi mai tsabta, irin wanda ake sayarwa don wasan yara, mudu biyar da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa mudu ɗaya, ka jiƙa shi daidai yadda in ka dunƙula zai tsaya ba tare da ruwa ya ɗigo ba. Zurfinsa kada ya gaza santimita 15, ko tsayin babbar ƙaguwarka sau uku. Idan ya jiƙe sharkaf har ruwa ya kwanta a ƙasa, zai yi wari, kogon kuma ya cika.

A shekarata ta farko, ɗaya ta ɓace mini kwana 20. Hankalina ya tashi, na sa hannu na tono, na same ta jiki sake, rabinta a wajen katantanwa. Na ɗauka gawa ce. Saɓa take yi, ni kuma na rushe mata kogo a lokacin da ba ta da abin kare kanta. Ba ta kai mako ba. Garin neman gira na rasa ido, har yau ina tuna ta. Idan taka ta nutsa, ka ci gaba da canza ruwa da abinci kamar tana nan, kada ka tono, kada ka matsar da tankin. Mutuwa ba ta ɓuya: matacciyar ƙaguwa tana warin ruɓaɓɓen kifi, hanci zai gaya maka. Abin da kake gani kamar gawa a kan yashi ma sau da yawa tsohon ɓawo ne, ita tana can cikin katantanwa ta lafe, ka bar mata shi ta ci. In kuwa a sarari ta yi saɓar, sauran suna iya far mata, sai ka ɗebe ta da babban cokali tare da ɓawon, ka sa ta cikin ƙaramin mazubi mai hudoji, ka ajiye a cikin tankin.

Batun ruwa gajere ne amma ba a wasa da shi. Kwano biyu take bukata, na ruwan daɗi da na ruwan gishiri, domin tana ɗibar ruwa cikin katantanwarta tana gauraya su yadda jikinta ke so. Ruwan famfo yana da kulorin, sinadarin tsabtace ruwa da ke cutar da ita, wasu garuruwan kuma ɗan'uwansa kuloramin suke sawa, wanda ba ya tashi don an bar ruwa ya kwana, sai an ɗiga maganin da masu kiwon kifi ke amfani da shi. Gishirin miya ba ya yi. Gishirin haɗa ruwan teku ake nema, irin mai suna Instant Ocean, kimanin giram 35 a kowace lita. Kwanon ya yi zurfin da za ta nutsa gaba ɗaya, da dutse ko 'yar raga da za ta taka ta fito. Kada ya zama na ƙarfe. Soson nan kuma a jefar da shi, ƙwayoyin cuta kawai yake tarawa.

Sai katantanwa. Mu da muka taso muna murza ta a ƙasa muna kallon ta tana juyi, abin wasa muka ɗauke ta. Ga wannan dabba kuwa ita ce rai. Bayan jikinta ba shi da ɓawo, a murɗe yake, da katantanwa take kare shi, a ciki take ajiye ruwan da ke hana ta bushewa. Ba ta yin tata, ta dodon koɗin teku da ya mutu take shiga, in ta girma ta nemi wata. A wani ɗan tsibiri na ƙasar Beliz, masu bincike sun ga yadda suke yi idan babbar katantanwa ta samu: suna jeruwa daga babba zuwa ƙarama, babbar ta shiga sabuwa, mai bi mata ta faɗa wadda ta bari, haka har ta ƙarshe, cikin ɗan ƙanƙanen lokaci kowa ya sake gida. Wanda ya ba ta katantanwa ɗaya tak ya hana ta abin da dukan rayuwarta ke kai, kuma a nan faɗa ke tashi, wata ta fizgo wata waje. Ka ajiye uku zuwa biyar ga kowace ɗaya, bakinsu ya ɗan fi na wadda take ciki faɗi. 'Yar Karibiyan ta fi son mai zagayayyen baki, ta Pasifik kuma mai baki shimfiɗaɗɗe, har takan sassaƙe cikinta don ta yi sauƙi, shi ya sa ba ta saurin rabuwa da tata. Ka tafasa su na 'yan mintuna, su huce, kafin ka sa. Mai fenti ba ta da wuri a tankin: fentin yana ɓarewa ya faɗa ruwa da abinci. Amma kada ka ja ta don ka raba ta da ita, ta gwammace jikinta ya tsinke da ta saki. Ka jera mata masu kyau, da kanta za ta sauya.

Turawa sun sa mata sunan mai kaɗaici, sunan ya yaudari mutane da yawa. A daji rundunarsu guda suke kwana, suke kiwo. Ka ajiye biyu ko uku, da itacen hawa da wurin ɓuya.

Abincin gwangwani ma ka duba bayansa. Wasu suna da sinadarin jan ƙarfe da magungunan hana lalacewa, jan ƙarfe kuwa guba ne ga dangin ƙaguwa da jatan lande. Abin da ke kicin ɗinka ya fi: ɗan mangwaro, gwanda, ayaba, kwakwa, karas, dafaffen ƙwai da dakakken ɓawonsa, kifi ko busasshen jatan lande marar gishiri, da busassun ganyen da ba a yi wa feshi ba. Banda abin da ya ji magi, yaji, albasa ko tafarnuwa. An gwada an gani cewa ta fi karkata ga abin da ba ta ci jiya ba, don haka ka riƙa sauyawa. Da magariba ake sawa, a kwashe da safe. Cinta kaɗan ne, ba lalle ka ga alamar ta taɓa ba.

Akwai abu ɗaya da littattafan Turawa ba za su tuna maka ba, mu kuwa yana cikin ɗakunanmu: turaren wuta da maganin sauro, na feshi ko na kunnawa. Abin da ke kashe ƙwaro yana kashe ƙaguwa, hayaƙi kuma yana sauka kan jiƙaƙƙen abin numfashinta. Tankin ya zauna a ɗakin da ba a turarawa, ba a feshi, kuma wanda ya shafa mai ko turare ya wanke hannu kafin ya taɓa kwanonta.

Yara za su so ɗaukar ta kullum, sai an yi musu bayani. Wadda aka kawo sabuwa ta sha wahalar kamu da hanya da shago, yawancinsu suna nutsawa cikin yashi a makon farko su daɗe. A bar ta aƙalla har ta yi saɓa ɗaya a gidan. Dabbar dare ce, mai son ganin ta ya kashe fitila bayan isha'i ya zauna shiru kusa da gilashin. Wanda barci ya ɗauke kuma, ya shafe saman yashin da tafin hannu kafin ya kwanta, da safe ya duba sawu daga maɓoya zuwa bakin kwanon ruwan gishiri.