Kiref da rarar kullun tsami

'Yan uwa masu ajiye kullun tsami na yin burodi, kada ku zubar da rarar da kuke ɗiba kafin ku ƙara masa fulawa. Kiref ake yi da ita, fankek ɗin Faransa marar kauri.

Kofi 1 na kullun, ƙwai 2, madara rabin kofi, narkakken bota cokali 2, ɗan gishiri. A dama shi ya tsinke sosai, ya fi na sinasir ruwa. Ya huta minti 30.

Wajen kasko aikin yake. Ya yi zafi, a shafa mai kaɗan, a zuba ludayi ɗaya, nan take a jujjuya kaskon kullun ya bazu. Da gefensa ya ɗago sai a kifa shi. In tsami ya yi yawa, ɗan sukari zai gyara. Ni dai da zuma na fi son shi.