Kafin a cike fom ɗin JAMB: zaɓen kwas da zaman kashe wando

Zaman kashe wandon da ake gani a Gombe bayan bautar ƙasa, da yawa tun SS1 aka shuka shi. Yaron da bai ɗauki darussan kimiyya ba, ƙofar aikin jinya da haɗa magunguna ta rufe masa tun yana ɗan shekara 15. Don haka a fara duba kiredit biyar ɗin da kwas yake nema, har da Turanci da Lissafi, a jarrabawar WAEC, NECO ko NABTEB.

Sai a tambaya: kwas ɗin nan lasisi yake bayarwa ko takarda kawai? Ma'aikacin jinya, mai CHEW (shaidar aikin lafiyar al'umma) ta shekara 3 daga kwalejin lafiya ta Kaltungo, da mai NCE (shaidar malanta) da ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, duk suna iya barin asibiti ko makarantar kuɗi su koma wata, daga Gombe zuwa Bauchi ko Yola, lasisinsu na binsu. Mai digirin da ba ya haɗe da wata sana'a kuwa gwamnati yake jira, ita kuma sai an jima take ɗaukar ma'aikata. Gyaransa shi ne PGDE, difloma ta koyarwa bayan digiri, ta shekara guda, ta buɗe masa koyarwa.

Inda aka fi yin asara shi ne tantancewa. Kwas kansa ake tantancewa, ba sunan makaranta ba: hukumar NUC ga jami'a, NBTE ga kwalejin kimiyya da fasaha, NCCE ga kwalejin ilimi. A kuma tabbatar gurbin ya fito a CAPS, shafin bayar da gurbin karatu na JAMB, in ba haka ba sunan ɗalibi zai maƙale lokacin tura shi bautar ƙasa. Wanda ya gama bayan ya haura shekara 30 takardar yafewa ake ba shi, alawus ɗin shekarar ya wuce shi.

Jiran jami'a shekara uku a gida ba dabara ba ce. ND, wato difloma ta ƙasa, shekara 2 ce, da ita ko NCE mai sakamako mai kyau ana shiga aji biyu a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere. A lokutan hutu yaro ya zauna wurin mai haɗa sola ko walda, ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, wanda ake farawa daga mataki na uku.