Darasi na 9: Kuɗin Bishiya a Gandunka

Wata rana mai injin yankan katako zai tsaya a bakin gonarka, ya ɗaga kai ya dubi maɗacin da kakanka ya bari, ya ce, "Baba, nawa za ka sallama?" Yawancinmu da ido muke yanke farashi. Shi kuwa mai saye tun daga nesa ya gama ƙirga allunan da zai fitar. Na ga dattijon da ya sallama maɗaci a kuɗin da bai kai na ƙofa biyu ba, har yau abin yana ci mini rai.

Fara da gano irin icen. Maɗaci na ƙofa ne da kujera. Ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera. Namijin giginya shi ke ba da azarar da gara ba ta cika ci ba. Maɗobiya kuwa, wadda aka yi ta kwasa daga dazukan Taraba zuwa Sin, tun 2017 cinikinta zuwa ƙetare yake ƙarƙashin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Daga nan ƙwanƙwasa gindin da ƙeyar gatari. In ya yi amo kamar ganga, akwai kogo a ciki, kuɗinsa ya ragu.

Sai awo. Nemi tef irin na tela ko igiya. In bishiyar tana tsaye, zagaya ta daidai ƙirjinka; in gungume ne a ƙasa, zagaya tsakiyarsa. Raba abin da ka samu gida huɗu, ka ninka kashi ɗaya da kansa, sannan ka ninka da tsawon miƙaƙƙen gungumen, daga gindi zuwa inda ya fara reshe. Misali, kewaye mita 2 ne. Kashi ɗaya cikin huɗu 0.5. Ninka 0.5 da 0.5, ka sami 0.25. In tsawon mita 4 ne, katakonka ya kai kubik mita 1. Wannan lissafi ya riga ya rage wani kaso saboda ɓawo da gefen da zarto zai zubar. Da wannan adadi za ka shiga kasuwar 'yan katako ka ji farashi, a bakin mutum uku aƙalla.

Wata bishiyar kuma a tsaye ta fi tsada. Ɗorawa tana ba uwargida kalwar daddawa kowace shekara. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Haɗa wannan amfani na shekara 10 kafin ka ce a kayar.

A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun wajen 1983 manoma suka rungumi sassaben zamani. Kututturen da ya toho ba a ƙone shi. A zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, sauran a datse su da lauje mai kaifi. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Kada gatari ya taɓa ice sai ka je wurin malamin daji ka karɓi izini, ka kuma shawarci 'yan'uwa in gandun na gado ne.

Aikin gida: Gungume mai kewaye mita 1.6 da tsawo mita 5, kubik mita nawa ne? Ƙirga bishiyoyin gonarka, ka rubuta sunan kowace da kewayenta, ka zo da takardar ranar darasi na gaba.